Siffofin Galaksi: Yadda Ake Rarraba Su da Yadda Manhaja Ke Gina Musu Jiki

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin manhajojin kwaikwayon sararin samaniya, ya umarce ta da ta kai shi wani galaksi mai nisa, zai tarar ya isa cikin daƙiƙa kaɗan, yana iya zagaya shi, ya leƙa shi ta sama, ya dube shi ta gefe, har ma ya kutsa cikinsa. Abin da allon ba ya gaya masa shi ne, babu mutum ko na'urar da ta taɓa ganin wannan galaksi ta waɗannan fuskoki. Galaksi, wato damin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin ja ya ɗaure wuri ɗaya, yana da nisan da ya sa fuska ɗaya tak muke gani, ko daga ina muka dube shi a doron ƙasa ko a kewayenta. Andromeda, babban galaksi mafi kusa da namu, haskensa sai ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu. Saboda haka duk wani jiki mai tsawo da faɗi da kauri da manhaja ta nuna, an gina shi ne daga hoto shimfiɗaɗɗe guda ɗaya, da 'yan lambobi, da wasu haruffa biyu ko uku da masana falaki suka laƙaba masa. Kafin a gane iyakar abin da manhajar za ta iya, sai an san daga ina haruffan suka fito da kuma abin da suke faɗa.

Tun a shekarar 964 masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya ambaci Andromeda a littafinsa na taurari, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare, kuma a matsayin gajimare irin waɗannan abubuwa suka zauna har ƙarnuka da dama. Charles Messier na Faransa ya jera su a ƙarni na 18 ne kawai don kada su ruɗe shi yayin da yake farautar taurari masu wutsiya. A 1845 Lord Rosse ya kafa madubin hangen nesa mai faɗin mita 1.8 a Birr da ke Ailan, ya duba abin da Messier ya sa wa lamba 51, ya ga ashe hannuwa ne da shi a murɗe. Amma ko waɗannan gizagizai suna cikin galaksinmu ne ko kuwa su ma galaksoshi ne masu zaman kansu, an ci gaba da jayayya a kai har 1923, lokacin da Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a Dutsen Wilson na Kalifoniya, ya gano tauraro mai canza haske a cikin Andromeda. Da dokar da Henrietta Leavitt ta fitar a 1912, wadda ta haɗa tsawon lokacin canjin hasken irin waɗannan taurari da ainihin ƙarfin haskensu, ya auna nisan, ya tabbatar da cewa Andromeda yana can waje da namu.

Shekara uku bayan haka, a 1926, Hubble ya fitar da tsarinsa na rarraba siffofi, sannan a 1936 ya zana shi a matsayin gwafa kwance, mai ƙota ɗaya da rassa biyu. A kan ƙotar ya jera galaksoshi masu siffar ƙwai, waɗanda haskensu ke raguwa sumul daga tsakiya zuwa gefe ba tare da hannuwa ko layukan ƙura ba, ya ba su harafin E tare da lamba daga 0 zuwa 7. Lambar lissafi ce mai sauƙi: a raba gajeren faɗin da dogon faɗin, a cire sakamakon daga ɗaya, a ninka da goma. Idan gajeren faɗin ya kai kashi bakwai cikin goma na dogon, galaksin E3 ne. Idan faɗin biyu daidai suke, E0 ne, kamar M87, wato lamba 87 a jerin Messier, da ke tsakiyar tarin galaksoshin Virgo. An tsaya a 7 ne domin ba a samun wanda ya fi haka shimfiɗuwa face ya zama yana da faifai.

Rassan biyu na masu hannuwa a murɗe ne. A reshe ɗaya hannuwan suna fitowa kai tsaye daga kumburin tsakiya, su ne Sa da Sb da Sc. A ɗaya reshen kuma wata sanda ta taurari ce ta ratsa tsakiyar, hannuwan suna tasowa daga ƙarshenta, su ne SBa da SBb da SBc. Abu uku Hubble ya duba wajen sa ƙaramin harafin: girman kumburin tsakiya idan aka kwatanta da faifai, yadda hannuwan suka matse ko suka buɗe, da kuma yadda suka rarrabu zuwa ƙulle-ƙullen taurari da ake iya gani ɗaya ɗaya. Sa yana da babban kumburi da matsattsun hannuwa masu santsi, Sc kuwa ƙaramin kumburi da buɗaɗɗun hannuwa masu gudaji. Matsalar ita ce waɗannan ma'aunai uku ba kullum suke tafiya tare ba, ana samun galaksi mai ƙaramin kumburi amma hannuwansa a matse, kuma a nan hukuncin mai dubawa ne ke yanke magana. A mahaɗar ƙota da rassa Hubble ya ajiye S0, mai faifai amma marar hannuwa, wanda a lokacin hasashensa ya yi kafin hotuna su tabbatar da shi. Sauran da suka ƙi shiga ko'ina ya tara su a gefe da sunan marasa tsari. Ya kuma bar wa masana wata gado mai rikitarwa, domin ya kira na ɓangaren ƙota “na farko”, na ƙarshen rassa “na baya”, har mutane da yawa suka ɗauka cewa galaksi yana farawa da siffar ƙwai ne sannan ya fitar da hannuwa. Shi kansa ya yi gargaɗin kada a fahimci kalmomin a matsayin tarihi, kuma abin da aka sani yau ya fi karkata ga akasin haka, wato haɗuwar masu faifai ce ke haifar da da yawa daga cikin masu siffar ƙwai.

A 1959 Gérard de Vaucouleurs ya faɗaɗa tsarin. Ya sanya SAB tsakanin marasa sanda da masu sanda, domin sanda mai rauni ta fi yadda aka zata yawa. Ya ƙara alamar da ke nuna ko akwai zobe a tsakiya ko babu. Ya tsawaita jerin zuwa Sd da Sm da Im, ta yadda Babban Gajimaren Magellan, ƙaramin galaksi maƙwabcin namu, wanda a da ake jefa shi cikin marasa tsari, ya samu gurbi a matsayin mai sanda da hannu guda. Abin da ya fi amfanar masu rubuta manhaja shi ne lambar da ya jingina wa kowane mataki, daga −6 zuwa +10, domin kwamfuta ta fi jin daɗin lamba a kan haruffa. Duk da wannan faɗaɗawa, Halton Arp ya iya tara galaksoshi 338 a kundinsa na 1966 waɗanda siffarsu ta saɓa wa kowane gurbi, masu wutsiya da masu gada tsakaninsu da maƙwabtansu da waɗanda suka yage.

Babban rauni na dukkan waɗannan tsare-tsare shi ne, hoton suke siffantawa, wanda ya dogara da inda muke tsaye. Galaksin da muke kira E0 yana iya zama dunƙulalle kamar ƙwallo, yana kuma iya zama dogo kamar ƙwai da muke kallo ta tsininsa, ko shimfiɗaɗɗe da muke kallo ta fuskarsa. Mai faifai da ya juyo mana da gefensa yana ɓoye hannuwansa da sandarsa gaba ɗaya, sai dai a yi hasashe daga girman kumburi da layin ƙura. Launin hasken da aka ɗauki hoton da shi ma yana canza hukunci: Hubble ya yi aiki da faranten hoto masu jin shuɗin haske, wanda ke fito da samarin taurari da hannuwa, amma da aka fara kallo da hasken da ke ƙasa da ja, mai ratsa ƙura, sai aka ga kusan kashi biyu cikin uku na masu hannuwa suna da sanda, babba ko ƙarama. Binciken ATLAS3D, wanda ya auna motsin taurari a cikin galaksoshi 260 na rukunin E da S0, ya bayyana a 2011 cewa kimanin kashi 86 cikin ɗari suna juyawa cikin tsari kamar faifai, ciki har da da yawa waɗanda hoto ya sa aka kira su masu siffar ƙwai. A ganina wannan sakamako ya kamata ya ɗan sanyaya gwiwar duk mai ɗaukar harafin E a matsayin umarnin zana dunƙule.

Saboda haka masana suka nemi ma'aunai da ba su dogara da ido ba. Tun a 1948 de Vaucouleurs ya fitar da ƙa'idar yadda haske ke raguwa daga tsakiyar masu siffar ƙwai, sannan a 1963 José Luis Sérsic na Ajantina ya mayar da ita ƙa'ida mai faɗi wadda lamba ɗaya ke sarrafawa. Idan lambar ta zama 1, hasken yana raguwa da kaso iri ɗaya a kowane taku, kamar yadda faifai ke yi. Idan ta zama 4, tsakiyar tana da tsananin haske kuma gefen yana miƙewa nesa a dishe, kamar manyan masu siffar ƙwai. Manhajoji irin su GALFIT suna karɓar hoton galaksi su rarraba shi zuwa kumburi da faifai da sanda, kowanne da girmansa da haskensa da lambarsa ta Sérsic. Akwai kuma ma'aunan da ke duba taruwar haske a tsakiya, da rashin daidaito idan aka juya hoton rabin zagaye aka ɗora shi a kan kansa, da yawan gudaji, waɗanda suka fi amfani wajen kamo galaksoshin da ke cikin haɗuwa.

Ido dai bai fita daga aikin ba. Da binciken sama na Sloan ya tara hotunan galaksoshi kusan 900,000, Kevin Schawinski na Jami'ar Oxford ya rarraba 50,000 shi kaɗai cikin mako guda, ya ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai shi da Chris Lintott suka buɗe Galaxy Zoo a watan Yulin 2007, inda masu sa kai ke duba hotuna a intanet suna amsa tambayoyi masu sauƙi. Kowane hoto mutane da dama ke dubawa, don haka sakamakon yana zuwa ne a matsayin ƙuri'u, misali kashi kaza sun ga sanda, kashi kaza ba su gani ba, wanda ya fi harafi ɗaya gaskiya. Wani abin ban sha'awa ya faru a nan: ƙuri'un farko sun nuna kamar masu murɗewa ta ɓangare ɗaya sun fi masu murɗewa ta ɗaya ɓangaren yawa, amma da aka juya hotunan kamar a madubi aka sake nuna su, sai rinjayen bai juya ba, ashe son zuciyar masu dubawa ne. Waɗannan ƙuri'u ne daga baya aka horar da manhajojin koyon na'ura da su, kuma manhajojin ne za su ɗauki nauyin biliyoyin galaksoshin da madubin Euclid da cibiyar Rubin da ke Cile za su ɗauko, tare da duk wata karkata da suka gada daga idon mutum.

To, a nan ne mai rubuta manhaja ke karɓar aikin. Manhajojin da ke nuna sama kamar yadda ake ganinta daga doron ƙasa, irin su Stellarium, nasu da sauƙi, domin abin da suke buƙata shi ne su liƙa ainihin hoton galaksin a gurbinsa, da girmansa da karkatarsa daidai, ko su zana ɗan da'ira mai siffar ƙwai idan babu hoto. Wahalar tana ga waɗanda ke barin mai kallo ya bar duniya ya yi tafiya, irin su Celestia, wadda Chris Laurel ya fara a 2001, da SpaceEngine ta Vladimir Romanyuk. A Celestia kowane galaksi ɗan rubutu ne a cikin fayil: matsayinsa a sama, nisansa, girmansa, ƙarfin haskensa, yadda yake fuskanta, da nau'insa. Nau'o'in da take karɓa kuwa na gwafar Hubble ne kusan kai tsaye, daga E0 zuwa E7, da S0, da rassan biyu, da marasa tsari. Kowane nau'i yana da samfuri, wato ƙaramin hoto fari da baƙi da ke nuna inda haske ya taru, kuma daga shi manhajar ke watsa ɗigo-ɗigon haske masu laushi a sarari. Sakamakon haka shi ne, dubban galaksoshin da ke ɗauke da harafin Sb fuska ɗaya gare su, girma da karkata da haske ne kawai suka bambanta, sai fa 'yan kaɗan da wani ya zauna ya yi musu samfuri na musamman.

Ko karkatar ma ba a samunta kai tsaye daga kundi. Abin da aka auna shi ne dogon faɗi da gajeren faɗi da kusurwar da dogon faɗin ya yi da arewa. Idan aka ɗauka cewa faifan da'ira ne cikakkiya, to yadda ya matse a hoto zai nuna yawan karkatarsa, bayan an yi gyara don kaurinsa. Da haka aka san Andromeda ya karkace mana da kimanin digiri 77. Amma da'irar da ta karkata gaba da wadda ta karkata baya hoto ɗaya suke bayarwa, don haka ba a san wane gefe ne ya fi kusa da mu ba. Ana warware wannan ne da ƙura, domin gefen da layukan ƙura suka fi fitowa baƙi a gaban kumburin tsakiya shi ne na kusa, ko kuma a haɗa awon gefen da ke tahowa da wanda ke tafiya da sanin cewa hannuwa kusan kullum suna jan baya ga juyawar faifai. Ga galaksoshi kaɗan ne aka yi wannan aiki. Ga sauran, manhaja zaɓa take yi, kuma duk inda aka zaɓa tsakanin abu biyu ba tare da hujja ba, rabin amsoshin kuskure ne. Ga masu siffar ƙwai abin ya fi muni, tunda faɗi na uku babu shi a hoto sam, sai a ɗauka ya yi daidai da ɗaya daga cikin biyun da aka gani.

Hanya ta biyu ita ce a bar samfuri a gina galaksin da lissafi. Faifai yana samun taurari bisa ƙa'idar raguwar haske mai lamba 1, tare da ɗan kauri. Kumburi yana samun nasa bisa lambar Sérsic da ta dace. Rabon haske tsakanin su biyun kuma ana ɗauko shi daga lambar de Vaucouleurs. Hannuwa ana zana su da murɗaɗɗen layi wanda kusurwar buɗewarsa ba ta canzawa ko'ina, ƙarama ga Sa, wani lokaci ƙasa da digiri 10, babba ga Sc, har ta wuce digiri 20. Layi tsaf irin na lissafi yana fitowa kamar zanen injin, don haka ake zuba masa hargitsi na ganganci don hannuwan su karye, su yi rassa, su yi gudaji. Sannan launi: rawaya da ja-ja ga tsofaffin taurarin tsakiya, shuɗi ga samarin taurarin hannuwa, da ɗigon ruwan hoda inda hasken sababbin taurari ya kunna iskar haidurojin. Ƙura ita ce mafi tsada wajen lissafi, domin ita rage haske take yi, kuma yawan abin da za ta rage ya dogara da abin da ke bayanta daga inda mai kallo yake tsaye, wanda ke nufin sai an bi kowane layin gani ta cikin jikin galaksin ana tarawa ana ragewa. Manhajar da ta yi watsi da ƙura takan fitar da galaksi mai kyau ta fuska, amma da an juyo gefensa sai ya zama sandar haske fara fat, ba tare da baƙin layin da ke tsaga irin su galaksin Sombrero ba.

Sai batun yawa. Galaksinmu kaɗai yana da taurari tsakanin biliyan 100 zuwa 400, kuma babu kwamfutar da za ta zana su ɗaya ɗaya sau sittin a daƙiƙa. Dabarar ita ce a raba sarari zuwa akwati, kowane akwati a raba shi takwas, haka har ƙasa, ta yadda abin da ke nesa za a wakilce shi da gajimaren haske guda, abin da ke kusa kuma a buɗe shi zuwa taurari. SpaceEngine tana ƙirƙirar waɗannan taurari ne nan take daga lambar tushe da ke manne da wurin, shi ya sa idan mutum ya koma wuri ɗaya zai tarar da taurari iri ɗaya ko da yake ba a ajiye su ko'ina ba, kuma babu madubin da ya taɓa ganinsu.

Akwai wata yaudara da kusan kowace manhaja ke yi, kuma ina ganin ta halasta muddin an faɗa. Matsowa kusa da galaksi ba ya ƙara masa haske a kowane ɗan yanki na sama, girma kawai yake ƙarawa, domin duk da hasken da ke isowa yana ƙaruwa, faɗin da ya bazu a kai ma yana ƙaruwa daidai da shi. Andromeda ya kai faɗin wata sau shida a samanmu, amma ido tsirara tsakiyarsa kawai yake kamawa a matsayin ɗan hazo. Wanda zai tsaya a kusa da shi ma hazo zai gani, mai faɗi, kusan marar launi, domin ƙwayoyin idon da ke aiki a duhu ba sa bambance launi. Hotunan da muka saba da su an ɗauke su ne ta hanyar tara haske na tsawon lokaci, sannan aka matse bambancin da ke tsakanin tsakiya mai tsananin haske da gefe mai dishi-dishi, wanda ya kai ninki dubbai, don ya shiga cikin matakai 256 na allo na yau da kullum. Manhaja ma haka take yi.

Motsi ma yana da nasa tarko. Faifan galaksi ba ya juyawa a dunƙule, taurarin ciki suna kammala zagaye kafin na waje. Rana tana ɗaukar kimanin shekara miliyan 230 a zagaye ɗaya. Da hannuwa jerin taurari ne tsayayyu, da sun nannaɗe sun ɓace bayan 'yan zagaye kaɗan. Bayanin da C. C. Lin da Frank Shu suka gabatar a 1964 shi ne hannuwa igiyar cunkoso ce, kamar cunkoson motoci a inda hanya ta matse, wanda ke nan daram ko da yake motocin da ke cikinsa suna canzawa. Masu rubuta manhaja suna da hanya mai arha ta kwaikwayon wannan: a ɗora kowane tauraro a kan hanya mai siffar ƙwai, a karkata kowace hanya kaɗan fiye da wadda ke cikinta, sai wuraren da hanyoyin suka matsu su fito a matsayin hannuwa biyu da ba sa nannaɗewa. Wannan ya dace da galaksoshi masu manyan hannuwa biyu irin M51, amma bai dace da masu guntayen hannuwa barkatai ba, waɗanda bisa ga alama hannuwansu ke fitowa suna ɓacewa.

Abin mamaki, galaksin da ya fi wahalar zanawa shi ne namu, domin muna cikin faifansa, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 26,000 daga tsakiya, ƙura kuma ta tare mana gani. An tabbatar yana da sanda, ana kuma sa shi tsakanin SBb da SBc, amma yawan manyan hannuwansa, biyu ne ko huɗu, ya dogara da ko tsofaffin taurari aka ƙirga ko iskar gas da samarin taurari. Kumbon Gaia ya auna matsayin taurari kimanin biliyan 1.8, amma wannan ƙaramin kaso ne, akasarinsu a ɓangarenmu. Duk hoton galaksinmu daga sama zanen gwani ne da aka jingina da awo.

Akwai rukuni na biyu na manhajoji da ke tafiya ta hanyar da ta saɓa wa wannan baki ɗaya: ba a gaya musu siffa, dokokin ja da na iskar gas ake ba su, a jira a ga siffar da za ta fito. Erik Holmberg ya fara wannan a Suwidin a 1941 ba tare da kwamfuta ba, da ƙwayayen lantarki 74, 37 ga kowane galaksi, yana auna haske a madadin ƙarfin ja tunda dukansu biyu suna raguwa da nisa bisa ƙa'ida ɗaya, yana matsar da ƙwayayen da hannu. A 1972 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka nuna da 'yan ɗaruruwan ɗigo a kwamfuta cewa dogayen wutsiyoyi da gadojin da Arp ya tara, ƙarfin ja ne kawai ke fizgo su idan galaksoshi biyu suka gifta juna. Shekara ɗaya bayan haka Jeremiah Ostriker da James Peebles suka ga cewa faifai shi kaɗai ba ya zama lafiya a kwamfuta, nan da nan yake lanƙwashewa ya zama sanda, sai an lulluɓe shi da babban dunƙulen nauyi da ba a gani, wanda ya zama ɗaya daga cikin hujjojin farko na ɓoyayyen sinadarin da ba ya fitar da haske. Dabarar Barnes da Hut ta 1986, wadda ke dunƙule ɗigon da ke nesa a lissafa jansu a tare, ta buɗe ƙofar manyan lissafai, har kwaikwayon Millennium na 2005 a Jamus ya bi ɗigo fiye da biliyan 10, sannan Illustris a 2014 da EAGLE a 2015 suka haɗa da iskar gas da haihuwar taurari.

Siffar ba ta fito daidai da sauƙi ba. Kwaikwayon shekarun 1990 sun riƙa fitar da galaksoshi masu ƙaton kumburi da ɗan tsurut ɗin faifai, domin iskar gas tana saurin hucewa ta zube tsakiya. Sai da aka ƙara ƙarfin da fashewar manyan taurari da manyan baƙaƙen ramuka ke tura gas waje da shi, sannan faifai masu faɗi suka samu. Waɗannan abubuwa kuwa suna faruwa ne a ma'aunin da ya fi ƙanƙanta da abin da kwaikwayon ke iya gani, inda ɗigo ɗaya ke wakiltar taurari dubbai ko miliyoyi, don haka da ƙa'idojin wucin gadi ake shigar da su, ana daidaita su har sakamako ya yi kama da sama. Don a gwada kamar, dole a mayar da jikin da aka sani ciki da waje zuwa hoto shimfiɗaɗɗe: a ba kowane ɗigo haske bisa shekarunsa, a bi hasken ta cikin ƙura da manhaja irin SKIRT ta Jami'ar Ghent, a zaɓi kusurwar kallo, a dusashe hoton daidai da ƙarfin wani madubi, a zuba masa ɗigo-ɗigon hargitsi irin wanda na'urar ɗaukar hoto ke haifarwa, sannan a miƙa shi ga masu rarrabawa. An taɓa nuna wa masu sa kai na Galaxy Zoo hotunan Illustris ta wannan hanya, kuma ƙuri'unsu sun nuna inda galaksoshin kwamfuta suka bambanta da na gaske, musamman ƙanana, waɗanda suka fito da gudaji fiye da kima.

Irin wannan gwaji ya fi muhimmanci ga galaksoshi masu nisa ƙwarai, domin faɗaɗar sararin samaniya tana dusashe gefunansu da sauri, tana kuma tura haskensu zuwa ɓangaren ja, ta yadda madubin da ke kallon haske na yau da kullum yana ganin abin da ya fito a matsayin hasken da ke sama da shuɗi, wanda gudajin samarin taurari kawai yake nunawa. Hoton zurfin sama da madubin sararin samaniya mai suna Hubble ya ɗauka a 1995 ya cika da galaksoshi masu kama da yagaggu, amma da madubin James Webb, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba 2021, ya dubi irin waɗannan wurare da hasken da ke ƙasa da ja, sai aka ga masu faifai sun fi yadda aka zata yawa a farkon zamani, wasu har da sanda. Duk da haka, da yawa daga cikinsu faifai ne masu kauri, masu hargitsi, ɗauke da manyan gudaji 'yan kaɗan a madadin hannuwa, siffar da babu ita a kan gwafar 1936, wadda aka zana daga manyan galaksoshi masu haske da ke kusa da mu. Manhajar da jerin nau'o'inta ya tsaya a kan wannan gwafa, idan aka ba ta irin wannan galaksi, ko dai ta ba shi samfurin Sc ta ƙirƙira masa hannuwan da ba shi da su, ko ta kira shi marar tsari ta ɓatar da faifan da awon motsinsa ya nuna yana da shi.